Kogon Kuka a Allon Kwamfuta

Ranar wata Laraba, a damunar 1999, ana shirin kiran magariba a Karaye, dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Lukumanu. Matarsa Kande tana kwashe tuwo, ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta ba tare da ta gan su ba. Na biyu a gabanta ya faɗo. Ta ɗauka, ta ji shi jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, alhali kwana huɗu ke nan ba a yi ruwa ba.

Lukumanu tsohon ma'aikacin safiyo ne, mai jan sarƙar awon ƙasa. Da ya bar aiki sai ya sayo tsohuwar kwamfuta a Kano, ya ajiye a zaure yana buga wa mutane takardu. A cikinta akwai wata 'yar taga ta duba hotuna, wadda ta zo tare da na'urar: ka danna hoto ya buɗe, ka danna wata alama ya ƙara girma. Hoto ɗaya tak ya sa aka shigar masa, na Unguwar Gawo, ƙauyensu da ruwan dam ya cinye shekara bakwai baya. Katangar gidansu ce a ciki, da wata ƙatuwar kuka mai kogo.

Shi dai yakan kalla in ya tashi aiki, ya rufe. To, sai 'yarsa Ruƙayyatu, mai shekara goma sha biyar, ta fara zama a kujerarsa. Da fari har murna ya yi, wai yarinya za ta koyi abin zamani. Ina! Ko harafi ɗaya ba ta bugawa. Hoton take buɗewa, ta kai kibiya kan kogon, ta yi ta ƙara masa girma har ya cika allo, ya farfashe, ya zama 'yan murabba'ai baƙaƙe da toka-toka. Sai ta yi ajiyar zuciya irin ta tsofaffi, ta mayar da shi yadda yake, ta sake farawa.

Duk yammar da aka kashe kwamfutar, ko wuta ta ɗauke, sai jifa. Wata biyu ana haka. Yarinya ta daina cin abinci, ta rame, wuya kamar kara. An je asibiti, an sha rubutu, an turara hayaƙi har bango ya yi baƙi. Lukumanu ya kulle kwamfutar a ɗaki, sai Ruƙayyatu ta zauna bakin ƙofa tana danna gwiwarta da ɗan yatsa, tun azahar har magariba. Tsoro ma ya gaji ya bar su. Kande takan share duwatsun da safe, ta tara bayan murhu, ba ta ko yin salati.

"Baban Ruƙayya," ta ce masa wata rana, "yarinyar nan tafiya take yi, muna kallo."

Washegari ya hau mashin ya ɗauko Malam Shitu daga Yammedi, tsoho mai ƙarancin magana. Bayan an gaisa, an tambayi gida da damuna, Malam ya ce a fito da na'urar a kunna. Ruƙayyatu ta ja jiki ta zauna gabanta. Ya soma karatu a hankali, bai kai rabin sura ba ta juyo. Muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce, dusasshiya.

"Malam, hutar da bakinka. Ni ma Musulma ce. Gajiya ce kawai ta yi mini yawa."

"To baiwar Allah, me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Yatsa nake nema. Ba ni da wanda zan danna wannan abu da shi."

Ta ce a kogon kukar nan take tun kakannin Lukumanu ba su sari dajin ba. Ta tafi ziyarar dangi gabas, shekara tara, ta dawo ta tarar da ruwa. Ta yi ta yawo a kansa, ko'ina iri ɗaya, ba hanya, ba alama. 'Ya'yanta biyu kuma a kogon ta baro su. Ran nan tana wucewa ta zauren, sai ta hango ƙofarta a cikin gilashi.

"Kullum na kusa shiga, sai ƙofar ta rushe," in ji ta.

"Jifan fa?"

"Ba jifa ba ne. Daga ƙarƙashin ruwan nake ɗebo su, ko wani zai gane dutsen garinsu ya ce mini daga ina."

Kande ta sa gefen mayafi a baki. Wallahi tausayi ta ji, kuma ta ji haushin kanta da ta ji shi.

"Wannan inuwa ce, ba gida ba," Malam ya ce. "Ko shekara ɗari za ki yi kina dannawa, ba za ki shiga ba. Yarinyar kawai za ki kashe."

"To a nuna mini na gasken."

Sai Lukumanu ya ce shi ya kafa turakan awo a wurin da hannunsa, zai iya gane shi. Shekara bakwai bai taka ko bakin ruwan ba.

"Za ki rantse ki fita a can, ba za ki nutse da ita ba?" Malam ya tambaya.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam. In na ga gida, ban san abin da zan yi ba."

Sai da ya maimaita tambayar sau uku kafin ta rantse, ita ma can ƙasa-ƙasa.

Da hantsi suka shiga kwalekwalen wani masunci, Hammawa. Kande ta cire mayafinta ta ɗaure ƙugun 'yarta da na uban, ƙulli uku, ta koma bakin gaɓa ta tsuguna. Lukumanu ya riƙa duban wani tsauni a arewa da wata giginya a yamma, yana cewa a matsa dama, a ƙara gaba. Sun yi kusan awa guda. Can sai ya ɗaga hannu.

"Nan ne."

Ruƙayyatu ta zabura ta yi cikin ruwa. Mayafin ya miƙe, kwalekwale ya karkace, Hammawa na ihu yana danne ɗaya gefen. Lukumanu ya rungume ta ta baya, kanta da kafaɗunta a cikin ruwa, yana ja tana ja, ƙarfin kamar na saniya. Malam ya ɗaga murya: "Kin rantse, baiwar Allah! Kin rantse!"

Sai jikin ya saki. Uban ya jawo ta ciki, ta yi tari, ta yi atishawa sau uku. A gefensu ruwan ya ɗan zagaya, ya lafa.

Ta buɗe ido a hankali. Da muryarta ta yi magana.

"Baba, yunwa nake ji. Ina ne nan?"

"Ƙofar gidanmu ce, Ruƙayya. A nan aka haife ki."

Ta leƙa ruwan, ta daɗe tana dubawa.

"Ni ban ga komai ba."

"Ni ma haka, 'yata," ya ce. "Hammawa, juya mu koma."