Sirrin da Baba Tela Ya Damƙa wa Dogo

"Sunkuyo mana! Kai wai ba a gaya maka inda tsawo yake tsayawa ba?"

Dogo ya sunkuya. Tun da aka sa ranar aurensa da Auta, sunkuyawa ce babban aikinsa a gaban mahaifinta. Baba tela ne, shagonsa a saman bene, kuma ya rantse babu wanda zai ɗinka wa angon 'yarsa kaya sai shi, ko da kuwa angon zai ci yadin da ya isa labulen falo.

Sunkuyawar ba ta wadatar ba. Baba ya jawo 'yar kujera ya hau, ya miƙa tef ɗin awo daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Ya buɗe baki zai faɗi awon, sai numfashi ya ƙi zuwa. Tef ya suɓuce. Ba don Dogo ya tare shi ba, da a kan keken ɗinki zai sauka.

"Baba! Subhanallahi... bari in kira Auta!"

"Ajiye wayar nan."

Da ƙyar maganar ta fito. Yana zaune dafe da ƙirji, yana haki kamar wanda ya yi tsere da babur. Sai da ya daɗe kafin ya dawo daidai, kuma abin da ya fara dawowa shi ne masifarsa.

"Wata ƙofa ce a zuciyata likitoci suka ce ta saki, jini yana komawa baya. Tun bara waccan na sani. Da suka fara zancen aiki sai na daina zuwa. A bari in aurar da 'yata tukuna, sannan su yanka ni yadda suke so."

"Amma Baba..."

"Ba amma! Ka gaya wa Auta ko uwarta, wallahi ka nemi matar aure a wani gidan. Ka ji ni?"

Dogo ya ji shi sarai. Mai gyaran firji ne, ya saba da injin da ke gurnani kafin ya mutu, amma bai taɓa haɗuwa da injin da ke yi wa mai gyara barazana ba.

Kwana da kwanaki yana ɗauke da maganar kamar wanda ya haɗiyi ƙashi. Shekara uku yana bin Auta. Ya gyara firjin gidansu sau biyar, sau huɗu daga ciki babu abin da ya same shi. Ga aure saura 'yan makonni. In ya yi shiru, ya samu matarsa. In ya yi magana, ya koma gyaran firjin gidajen da babu kowa a ciki sai firji.

Da yamma ya je ɗaukarta daga makarantar da take koyarwa. Ta shiga motar tana ba shi labarin yara, shi kuwa yana ta "uhm".

"Masoyi, lafiya? Na ce maka wani yaro ya ciji shugaban makaranta, ka ce min madalla."

"Gajiya ce."

"Gajiya ba ta hana ka kallona. Kwana nawa ke nan sitiyari kake kallo. Ko wata ka gani?"

"Haba, rabin raina! Wace ce za ta ɗaga kai har ta hango fuskata in ba ke ba?"

Ta yi dariya, sannan ta ciro wayarta ta nuna masa hoton rigar da Baba ke ɗinka mata. "Dubi hannun! Ya ce ranar shi da kansa zai riƙo ni ya kawo ni. Ka san Baba, yanzu har kwana yake a zaune a kujera, wai gado yana ɓata masa lokaci."

Dogo ya taka birki ya gangara gefen titi.

"Auta, ba don lokaci yake kwana a zaune ba. In ya kwanta numfashi ne ba ya isarsa."

Ya zayyana mata komai, har da rantsuwar. Hawayenta suka fara zuba a kan hoton rigar.

"Ka san abin da zai yi maka?"

"Na sani."

"Ka kuma faɗa?"

"Gara ya kore ni da ƙarfinsa, da in aure ki mu dawo muna karɓar gaisuwa."

Da Auta ta tunkari Baba da maganar kuwa, sai ya cika alkawari, don shi mutum ne mai magana ɗaya, musamman in maganar ta faɗa ce. Ya naɗe yadin angon ya aika masa da shi gida ko alli bai taɓa ba. Auta ta yi kuka, ta yi roƙo, ta yi fushi. Da abin ya ƙi, sai ta sauke rigar aurenta daga jikin ƙusa ta ajiye masa a kan cinya.

"Tun da an fasa, ga taka ita ma. Ni ba aure nake roƙo ba yanzu. Ka tashi mu je asibiti."

"Ni za ki ba umarni?"

"Ni ce autarka, Baba. Wa kake da shi da zai ba ka in ba ni ba?"

Mama ce ta ɗauko masa hularsa.

Likitar zuciyar mace ce mai sanyin murya. Ta shafa masa wani mai a ƙirji, ta ɗora na'ura, sai ga zuciyar Baba a allo tana buɗewa tana rufewa. Ya leƙa, ya gyara kwanciya cikin alfahari.

"Kin gani ko? Bugawa take kamar ta saurayi."

"Abin da yake yaudarar mutane ke nan, Baba. Dubi nan." Ta nuna wani ɗan ɓalli da ke kaɗawa. "Wannan ƙofar ce tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya. Shekaru sun sa ta saki, ba ta rufuwa. Duk bugun da zuciyar ta yi, wani jinin ya tafi jiki, wani ya koma baya. Naman zuciyar aiki biyu yake yi, a ido kuma sai ka ce ƙarfi ne da shi. Ɗakin ya fara buɗewa. In naman ya gaji, ko mun gyara ƙofar ba lallai ya dawo yadda yake ba."

"Ya gaji ɗin?" in ji Auta.

"Yana bakin gajiya. Kun zo a kan lokaci, amma ba ku zo da saura ba."

Baba ya ce, "Sabuwa za ku sa?"

"Muna fatan taka za mu gyara. A rage inda ya yi yawa, a ɗinke, a sa mata zobe ya riƙe bakin."

"Ɗinki dai?"

"Ɗinki, Baba."

Sai a nan Mama ta buɗe baki. "Malam, kai ne fa kullum kake yi wa mutane faɗa in sun ajiye riga sai yadin ya mutu sannan su kawo maka. Ka ce zare ba ya kama ruɓaɓɓen yadi. To ga taka rigar."

Baba ya dubi allo, ya dubi matarsa. "Ke dama jira kike." Sannan ya juya ga likitar. "A yi. Amma a gaya wa mai ɗinkin ya yi ƙananan ɗinki, ba na son aikin gaggawa."

Ranar aikin Dogo ya zo, amma bai shiga ba. Korarre ne, ya san matsayinsa. Ya zauna a bencin ƙarshen baranda kusa da kwandon shara, ƙafafuwansa sun tare hanya, ma'aikata na ta tsallake su. Auta takan fito ta zauna kusa da shi, ta koma. Da likitan tiyata ya fito ya ce an gyara ƙofar kuma zuciyar ta karɓi aiki, Mama ta durƙusa tana hamdala, Auta ta ruga ta faɗa wa Dogo tana kuka tana dariya, shi kuwa ya ce wani abu ne ya faɗa masa a ido. Duka biyun.

Haka ya ci gaba da zuwa kullum, ya kawo ruwa da 'ya'yan itace ya miƙa daga bakin ƙofa. Baba ya ci lemunsa ya shanye ruwansa, bai taɓa tambayar daga ina suke ba.

Ana gobe za a sallame shi aka sake ɗora masa na'urar. Likitar ta daɗe tana dubawa, sannan ta yi murmushi.

"Babu yoyo. Naman zuciyar ya ɗan yi laushi, haka yake yi bayan aiki, amma yana riƙe da kyau. Da kun ƙara wasu watanni, da ba wannan maganar muke yi ba. Wa ya matsa aka zo?"

Auta ta sunkuyar da kai. Mama ta tsura wa mijinta ido, irin kallon da ya fi allura.

Baba ya yi gyaran murya. "Ina tsegumammen nan?"

"Yana waje, Baba."

"Ce masa ya shigo. Ya kula da fanka."

Dogo ya shigo ya durƙusa a gefen gado, a durƙushen ma kansa ya kai na Baba.

"Na ba ka amana," in ji Baba.

"Ka ba ni, Baba."

"Ka ci."

"Na ci, Baba."

"In aka sake, za ka kuma?"

Dogo ya saci kallon Auta, idanunta sun cika taf. "Zan kuma, Baba. Ka yafe min."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ja numfashi, dogo, har ƙasan ƙirji, babu abin da ya tare shi. Shi kansa sai da ya tsaya ya saurara. Ya sake ja, don daɗi kawai. Sannan ya miƙa hannu ya dafa kan Dogo.

"Na haifi 'ya'ya maza biyu, duk tsorona suke ji. Da su na gaya wa, da sun rufa min asiri har kabari." Muryarsa ta karye, ya yi sauri ya mayar da ita ta faɗa. "To tashi! Tun da bakinka ba ya riƙe magana, ga wata na ba ka: da zarar likita ta ce in fita, aure. Je ka gaya wa duk wanda ka gani!"

"Baba!" Auta ta faɗa jikin Mama tana kuka.

Dogo ya miƙe ya fita da gudu. Wanda ya fara cin karo da shi wani tsoho ne da ake turawa a keken marasa lafiya, bai san shi ba, bai san Auta ba. Shi ya fara gaya wa.