Shuɗin Fenti a Kwanar Coci

"A gidan nan suna ɗaya za a kira yau. Wilmar! Kin ji ni, Yeraldin?"

"Na ji, Papá."

"In na ji bakinki ya ce Duván a gefen hanya, na rantse da kabarin uwarki..."

"Papá, ya ce in an gama tseren zai zo ya gaishe ka."

Don Efraín ya dire kofin kofinsa da ƙarfi. "Ya gaishe ni? Yaron da na ciyar shekara biyu, ya koyi hawan dutse a bayan keken yayanki, da ya ga kuɗi ya koma ƙungiyar abokan hamayya? Ya riƙe gaisuwarsa!"

Yeraldin ta cusa hannayenta cikin ruanarta, mayafin ulu mai kafar zura kai.

Yau za a buɗe tseren keke na zagaye ƙasa, zangon farko kuma ta ƙauyensu zai bi, a kan tsaunukan Boyacá. Tun jiya maza suka bar gonakin dankali suka cika kwaltar hawan dutsen da sunan Wilmar, da farar ƙasa, yadda aka saba. Kowa ya san Turawa masu ƙungiyoyin keke sun zo ganinsa. In ya ci yau, sai ƙetare.

Ita ma jiya ta yi nata rubutun. Bokitin farar ƙasa yana hannun mahaifinta, sai ta ɗauki ragowar shuɗin fentin mai da aka shafa wa ƙofarsu. Hawan kuma cike yake da idanu, sai ta gangara kwanar da ke ƙasan coci, inda ba kowa. Ta rubuta DUVÁN da manyan haruffa daga gefe zuwa gefe, ta tura masa hoto.

"Sarauniyata," ya rubuto. "Zan duba."

Da hantsi aka fara yayyafi.

Duk ƙauyen ya hau kan dutsen. Ana buga murfin tukwane, rediyo yana ta ihu daga aljihun tsofaffi. Sai ga babura, sai ga mutum biyu sun tsere wa sauran, Wilmar a gaba, Duván manne da tayarsa.

"Taka, ɗana! Taka!" Don Efraín yana gudu a gefensu, hularsa ta faɗi bai sani ba.

"Jefar da kaskar nan ta bayanka!" in ji Doña Chela mai shago.

Yeraldin ta ciji leɓenta don kada sunan ya fito.

Suka haye, suka gangara, suka ɓace a bayan coci. Ba a yi numfashi uku ba mai rediyo ya ƙwalla ƙara.

"Ya faɗi! Wilmar ya faɗi a kwana!"

Da suka isa, yana kwance jikin katangar dutse, cinyarsa ta juya inda bai kamata ba. Tayarsa ta ja dogon layi a tsakiyar harafin V. Duván kuwa ya yi nisa.

Motar asibiti tana tashi da shi, mutane suka zagaye rubutun.

"Fentin mai! A kwana! Wane jahili ne wannan?"

"Ko jariri ya san yana santsi in ya jiƙe!"

"Mutanen Duván ne. Tarko suka ɗana!"

Doña Chela ta durƙusa ta ƙura wa haruffan ido, sannan ta ɗago a hankali. "Don Efraín... wannan shuɗin ai na ƙofarka ne. Ni na sayar maka." Ta fizgo hannun Yeraldin daga cikin ruana. "To, ku kalli farcen 'yar albarka!"

"Papá, ban sani ba... na rantse ban san za a yi ruwa ba..."

"A Boyacá ba ki san za a yi ruwa ba!" wani ya faɗa, aka fashe da muguwar dariya.

"Ta karya yayanta saboda saurayi!"

"Gaishe ki, amaryar zakara!"

Don Efraín bai mare ta ba. Da ma ya mare ta. Kallonta kawai ya yi kamar baƙuwa.

A rediyo, Duván ya ci zangon. Suka ji muryarsa yana haki. "Ina tare da Wilmar, ɗan'uwana ne. Wanda ya zuba fentin nan kuwa bai san keke ba, bai kamata a bar irinsa a bakin hanya ba."

Da la'asar ta laɓe a bayan coci ta kira shi. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, ana ta kiɗa a bayansa.

"Duván, zuciyata... sun ce ƙashin cinyar ya karye gida biyu. Sun ce ba zai ƙara tsere ba."

"Na ji. Abin tausayi."

"Kai yaya aka yi ba ka zame ba?"

"Ta gefen ciyawa na bi."

"Me ya sa?"

"Haba, Yeraldin. Tun a hoton na ga yana ƙyalli."

"Tun jiya ka sani? Kana bayansa, Duván! Kalma ɗaya ce!"

"Tsere ne, masoyiya. Ba wanda ya taɓa nuna mini rami." Ya rage murya. "Ki goge hoton nan, ki goge amsata. Kuma ki daina kira zuwa wani lokaci. Turawan suna son magana da ni gobe."

"Ka ce za ka zo ka gaishe da Papá..."

Ya riga ya kashe.

Ta tarar da mahaifinta a ƙofar gida ya yi shirin tafiya asibiti. A gabansa akwai bokiti da burushin ƙarfe.

"Papá, zan bi ka. Ina son ganin Yaya."

"Ya ce kada ki zo." Ya tura mata bokitin da ƙafa. "Ranar da kwaltar ta koma baƙa, ki dawo gidan nan."

Ta durƙusa a kwanar cikin yayyafi, ta fara da D. Masu saukowa daga dutse suna wucewa da tutocinsu a naɗe, wani ya tofar, wani ya ce ta ƙara ƙarfi. Ta goga har yatsunta suka fashe. Da ta watsa ruwa ta duba, harafin yana nan, ya ƙara haske.