Hayaniyar Bayan Azahar

Ranar da ta fara aiki a tashar sauraron taurari, gardama ce ta fara haɗa su.

Motar ma'aikata ta sauke su a bakin ƙofa, kowa ya zaro wayarsa ya kashe ya sa a akwatin ƙarfe ba tare da an ce masa ba. Ita kaɗai ta tsaya riƙe da tata. Wani dogon saurayi mai tsani a kafaɗa ya dawo da baya, ya yi mata sallama, ya miƙo hannu. Ta ce ba za ta bayar ba, ta bar 'ya a gida, kuma 'yar tana da asma.

Ya jingine tsanin, ya nuna mata manyan farantan ƙarfe da ke kallon sama. Ya ce saƙon rediyon da suke saurare daga taurari yake tasowa, kafin ya iso nan ya zama raɗa, waya ɗaya a kunne ta isa ta danne shi.

"Na sani, abin da na karanta ke nan," in ji ta. "Yadda zan bar 'yata ne ba a koya mini ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai layin waya na igiya daga ofishinsu na gari zuwa ɗakin na'urori, in wani abu ya taso a kira can. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta kashe wayar.

Mai Tsani kowa ke ce masa, don aikinsa ke nan, hawa farantai yana ɗaure abin da ya kwance. Ita kuwa Maman Ɗigo ta zama tun makon farko. Ɗigo ce 'yar tata, an haife ta 'yar mitsitsiya, kuma tana goye mahaifinta ya rasu.

Aikin Maman Ɗigo a ɗakin na'urori mai sanyi yake, gaban kwamfuta. Ita ke saita manhajar da ke naɗar abin da farantan suka ji. Ta gaya mata faranti nawa za ta saurara, a wane zangon rediyo, yaushe za ta fara, ina za ta ajiye. Harafi ɗaya ya kuskure a saitin, sai yini guda ya tafi a banza. Gwaji aka ɗauke ta. Dakta, matar da ke shugabantar tashar, ta gaya mata tun farko cewa in naɗinta ya fito tas za a tabbatar da ita, in ba haka ba sai haƙuri.

Soyayyar a motar komawa gida ta tsiro, lokacin da wayoyi ke farkawa gaba ɗaya. Ita takan kira gida kafin ta gyara zama. Shi kuma daga kujerar baya yakan jira ta gama, sannan ya turo saƙo.

"Malama, yaya Ɗigo? Ta ci abinci ko yau ma sai da aka bi ta da cokali?"

"Ta ci. Ta ce a gaida dogon da ya gyara mata kekenta."

"Ina amsawa. Ki ce mata dogon yana neman izinin zuwa gaida kakanta. Ki kuma tambayi mamanta, 'yar rigimata, ko za ta yarda."

Ta karanta sau biyu, ta kife wayar a cinya tana murmushi.

Baba, mahaifinta, ya karɓe shi da mutunci, ya tambayi iyayensa da aikinsa. Sai da ya tafi Baba ya ce bai ga aibun yaron ba, amma bai yarda ba. Dama aikin nata bai taɓa kwanta masa ba. Ranar da numfashin Ɗigo ya sarƙe, ya kira ofishin gari har ya gaji, magatakardan ya fita, ba wanda ya ɗauka. Mai kemis na bakin layi ne ya rufe shagonsa ya kai su asibiti. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana sonta, kuma ya faɗa a fili cewa matarsa ba za ta yini a daji da matacciyar waya ba.

"Uwa ba a samunta, uban da za ki kawo mata shi ma ba a samunsa," in ji Baba. "To yarinyar ta wa ce?"

Duk wadda ta taɓa riƙe yaro yana neman iska ta san tambayar ba ta mugunta ba ce. Baba ya ce ba zai yi mata dole ba, amma in gwajin nan bai yi ba, ta dawo gida ta dubi maganar mai kemis da idon basira. Ta ce ta ji.

Ba a daɗe ba Dakta ta ba ta sabon aiki. Wasu masu bincike daga nesa suna son a saurari wani yanki na sama a zango na ƙasa. Ta sauya saitin, ta duba, ta sake dubawa, ta saki naɗi. Da aka buɗe fayil ɗin sai ga tabo ko'ina, ga kuma wani farin layi mai kauri ya ratsa tsakiya kamar an ja alli.

Ta ɗauka laifinta ne. Ta goge saitin ta sake rubutawa daga farko. Ta cire manhajar ta sake sawa. Ta daidaita agogon na'urar, ta sauya faifan ajiya, ta durƙusa bayan kwamfuta tana bin igiyoyi ɗaya bayan ɗaya har gwiwarta ta yi baƙi. Washegari layin ya dawo. Rana ta uku ma haka.

Abu ɗaya ta lura da shi, kullum bayan azahar ɓarnar ta fi muni. Ta ce zafin rana ne ke taɓa na'urorin da ke kan farantai. Mai Tsani ya yarda da ita, ya hau a tsakar rana ya duba fanka da akwatunan sanyi, ya sauko jiƙe da gumi ya ce komai lafiya.

Masu binciken suka fara turo tambaya. Dakta ba ta yi faɗa ba, ta dai tsaya a bayanta tana kallon allon, ta ce lokacin da aka ba su a kan farantan ya kusa ƙarewa, na gwajinta ma haka. Wannan rashin faɗan ya fi faɗa ciwo. Maman Ɗigo ta koma ba ta cin abincin rana. A gida Ɗigo ta zubar da ruwa ta daka mata tsawa, sannan ta rungume ta tana ba ta haƙuri, su biyu suna hawaye.

"Sanyin idona, kin rame. Gobe zan sauya igiyar faranti na uku ko da ba ita ba ce. Za mu gano shi."

"Na gaji. Ji nake kamar na'urar nan ta tsane ni."

"Ba abin da zai tsane ki. Ki ci abinci don Allah."

Abin mamaki, a daidai lokacin ne Baba ya fara saukowa. Wata ranar hutu suna zaune a tsakar gida, Mama tana yi wa Ɗigo kitso, sai Baba ya ce yaron nan ashe mai cika alkawari ne. Ya zo ya same shi a ɓoye, ya ba shi wata lamba, ya ce duk sa'ar da aka kira zai ɗauka. Shi Baba kuwa bai yarda da baki ba, kullum in ya idar da sallar azahar sai ya gwada. Wani lokaci a ɗauka nan take, wani lokaci sai ya sake kira, amma ana ɗauka.

Ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

"Baba, kullum? Bayan azahar?"

"Kullum. Ya ce kada in gaya miki, wai kar ki damu."

Ba ta jira Litinin ba. Ta kira Mai Tsani ya zo, suka tsaya a ƙofar gida. Ta tambaye shi kai tsaye, bai musa ba. Ya ce wata tsohuwar ƙaramar waya ce yake sawa a cikin safa, a saman faranti ne kawai take samun sabis. Ya ce kafin ya fara sai da ya tambaye ta zangon da take naɗa, ya lissafa, ya ga ya yi nesa da na waya.

"Wancan tsohon aikin ne," in ji ta. "Na sauya zango. Na sauko daidai inda wayarka take ihu."

Ta ga yadda fuskarsa ta sauya. Wayar da ke nesa da sabis ƙara ƙarfi take yi don a ji ta, shi ma ya san haka. Kuma shi ne ya hau da ita har bakin farantin, yana neman abin da ke ɓata mata aiki.

"Don Ɗigo na yi," ya ce a hankali.

"Kar ka sa sunan 'yata a ciki. Aikin nan shi ne makarantarta, shi ne maganinta. Ka tsaya kana kallona ina zargin kaina, ina yi mata tsawa a kan abin da ba ta yi ba. Ko tambayata ba ka yi ba, ka yanke mini hukunci kai da Baba."

Ta shiga gida ta rufe ƙofa. Saƙonninsa suka yi ta shigowa, ba ta buɗe ba. Da yamma mai kemis ya aiko wa Ɗigo da sabon abin shaƙa na asma, ta karɓa ta yi godiya. Ga shi in ta faɗa wa Dakta gaskiya za a iya korarsa, in ta yi shiru ita za a sallama.

Mai Tsani bai bar ta da zaɓin ba. Ran Litinin da ta isa, ta hango shi ta gilashin ofishin Dakta, tsaye, ƙaramar wayar tana kan tebur. Dakta ta yi faɗan da ba a taɓa jin ta yi ba, har waje ana ji. Ta ce ba zai sake taka farantan ba. Ya ce ya yarda, alfarma ɗaya yake roƙo, in ba za a kore shi ba a mai da shi ɗakin gyara na ofishin gari, kusa da wayar igiyar nan da ba ta da mai ɗauka.

Dakta ta amince. Kowa a tashar ya san abin da ya bari. Mutumin da ke son saman faranti kamar ransa, zai koma zaman teburi yana gyaran ƙananan na'urori.

Ranar ta sake sakin naɗi. Azahar ta yi, ta wuce. Ta buɗe fayil ɗin, ba tabo, ba layi, sai wani siririn tudu a tsakiya, abin da masu binciken suka daɗe suna jira. Dakta ta dafa kafaɗarta ta ce ta kwantar da hankalinta, ta zama tasu.

Ta yi murna, amma fushin bai tafi nan da nan ba. Sai da ya ɗauki makonni. Kujerar baya a motar ma'aikata ta zama ta wani. Wata rana da hantsi wayar igiyar ta yi ƙara a ɗakin na'urori, ta ɗauka da sauri.

"Ni ne. Kar ki tsorata, Ɗigo lafiya. Ta ɗan fara tari a makaranta, malamarsu ta kira ni, na je na ba ta abin shaƙa, na kai ta wajen Mama. Tana nan tana cin ayaba. Ki ci gaba da aikinki."

Ta tambaye shi sau nawa ya shaƙa mata, ya faɗa. Ta tambaya ko ya girgiza kwalbar tukuna, ya ce ya girgiza. Ta tambaya ko ya sa mata rigar sanyi, ya ce har da hula, ko da yake Ɗigo ta ce hular ba ta yi mata kyau ba.

A mota ranar, ita ta fara turawa.

"Har yanzu ina jin haushinka."

"Na cancanta."

"In ka sake ɓoye mini wani abu, ko na alheri ne, ba zan yafe ba."

"Na yi alkawari, 'yar rigimata. Ko tsinke zan ɗauka sai na tambaye ki."

"To ka zo gobe. Baba yana nemanka."

Baba bai yi dogon bayani ba. Ya ce shi ma da nasa laifin, da ya san kiran da yake yi aikin 'yarsa yake ci da bai yi ba. Ya ce abin da yake nema tun farko bai wuce a samu mai amsawa in yarinyar ta kira ba, kuma ya gani da idonsa. Ya ce ya turo manyansa. Mai kemis da labari ya kai masa sai bayan kwanaki ya aiko da fatan alheri.

Ranar ɗaurin aure, bayan mutane sun ragu, Baba ya kira su biyu falo. Ɗigo ta riga su shiga, ta haye cinyar ango da takalmanta, ta ɓata masa farar riga, bai ko duba ba. Mama tana gefe tana share ido.

Baba ya daɗe yana addu'a. Ya roƙa musu zaman lafiya da haƙuri da juna, da zuriya mai albarka, da lafiyar ƙirjin Ɗigo. Da ya shafa, ya dubi ango.

"'Ya ɗaya ka nema, ga biyu na ba ka. Babbar tana da faɗa, ƙaramar ba ta son hula. Allah Ya ba ka ikon riƙe su."

Amarya ta sunkuyar da kai tana dariya cikin mayafi. Ɗigo kuwa, da ta ji kowa ya ce amin, ta ɗaga 'yan hannayenta ta faɗi nata daga baya, da ƙarfi, ita kaɗai.

Allah Ya bar su tare, Ya raya musu ita.