Majigin Falon Baba

Saurayin da aka kira ya haɗa majigi yana kan tsani yana ɗaura shi a silin falo Auta ta shigo masa da ruwa. Hoto ya fito a bango a karkace, murya kuwa babu.

"Injiniya, mutanen naka bebaye ne?"

"Wayar sauti ce ba ta zauna ba. Riƙe min tsanin, ranki ya daɗe."

Aikin yini guda sai ya ƙi ƙarewa. Yau lasifika na gurnani, gobe hoto ya riga murya. Auta dai ba ta rasa wayar da za ta zare da zarar ya juya baya.

"Fitilata, ki bar zare jar wayar nan. Ko ba ki zare ba zan zo," ya rubuto mata.

"To wa ya ce ni ce?"

Majigin kuwa kyautar ɗan aminin Baba ce, wanda Baba ya daɗe yana yi wa Auta sha'awarsa. Da maganar Auta da Injiniya ta fito, Baba bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga ɗin.

"Na buɗe masa ƙofa ya ja min waya, ya ja min 'ya. Ki aure shi, ba zan hana ba. Amma ƙafata ba za ta je ba, kuma kada ki jira albarka daga bakina."

Ta durƙusa tana kuka har gwiwa ta gaji. Umma ta roƙa, kawu ya roƙa, Baba ko gezau. Wannan albarkar ita ce duk abin da Auta take nema.

Ranar auren da safe, ango ya lallaɓo da babbar rigarsa, ya tsuguna bayan kujerar Baba ya haɗa wayar Umma da majigin don kiran bidiyo daga wurin biki, ya daidaita hoton, ya gwada sautin. Ya ce, "Umma, ko zai leƙo. Ya gan mu, mu ma mu ji shi."

Baba ya leƙo. Ga Auta ta cika bango, idonta na kan wayar da ƙawarta ke riƙe da ita. Ya daɗe a tsaye.

"Suna jin mu?"

Umma ta ce suna ji.

"Kashe."

Ta kashe musu jin. Sai a lokacin ya zauna, ya share ido da hannun riga.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma, ban yarda ki faɗa mata ba."

Daga can wurin biki saƙon Auta ya shigo: "Umma, na ga bakinsa na motsi. Me ya ce?"

Umma ta dubi mijinta, ta dubi 'yarta a bango tana jira, ta rubuta: "Bai ce komai ba, 'yata. Allah ya yi miki albarka."