Sau Goma Sha Ɗaya Na Kashe Mijina

"Sau nawa kika kashe ni?"

Ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali na ji tambayar. Na juyo. Mijina na zaune a bakin gado, jakar tafiya a tsakanin ƙafafunsa, takalmi a ƙafarsa, alhali ko shayi ba mu sha ba.

"Sanyina, wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Na saurari hirarki ta rediyo. Sau nawa?"

Jiya mai gabatar da shirin ta tambaye ni yadda nake yi hawaye ke zubo mini a fim kamar an kunna famfo. Ni kuwa da bakina da ba ya da birki, na yi dariya na ce, "Ai sauƙi ne. Rufe ido nake yi in ga mijina kwance an lulluɓe shi, ina tashinsa ba ya tashi." Har tafa mini suka yi.

"Aiki ne fa..." na ce.

"Na sani. Sau nawa?"

"A fitowar asibitin... sau goma sha ɗaya."

Gaskiya na faɗa. Sau biyu fitila ta mutu, sau ɗaya babur ya wuce da ƙara, sau ɗaya wanda ya fito a gawar mahaifina ya yi atishawa. Duk lokacin da darakta ya ce a sake, sai in sake kwantar da mijina in ja masa mayafi.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ba banza nake kiransa Sanyi ba. Shekara bakwai muna tare, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma a ranar na gwammace ya ɗaga.

Ni Barkono ake ce mini. Kafin fim, gambarar zamani nake yi, irin waƙar nan da ake zuba magana da sauri a kan kiɗa. Shi ne mai haɗa mini kiɗan. A wani ɗan ɗaki muka fara, bangonsa duk kwalayen ƙwai saboda kar ƙara ta fita, fanka kuma sai an kashe ta kafin a ɗauki murya. Gumi ya jiƙe mu sharkaf, ya buga teburi da yatsu, ni kuma in yi ta zubo baituka daga kaina, babu takarda babu biro. Duk abin da ya ci mini rai a ranar, kafin yamma ya zama waƙa. Ranar da ya ce yana sona ma, da baiti na amsa masa, na haɗa da tsokanar kunnuwansa.

Mama ce ba ta taɓa son abin ba. "Mace da tsalle da ihu kamar mai tallan magani!" In aka sa waƙata a gidan maƙwabta, taga take rufewa.

Sai wani darakta ya ga bidiyona, ya ce fuskata ta fi bakina magana. Ya ba ni fitowa uku a fim ɗinsa. Daga uku sai ga ni jarumar shiri mai dogon zango, matar kirki mai haƙuri wadda ba ta da aiki sai kuka. Ni! Ni da ko allura ba ta sa ni kuka!

Mama kuwa ta samu ɗiyar da take so. A asibitin da ake mata wankin ƙoda sau biyu a mako, ma'aikatan jinya har layi suke yi su gaishe ta. Aikin nan ne ya riƙe jinyarta, shi ne kuma ya sa a karon farko ta kama hannuna a gaban mutane ta ce, "Wannan tawa ce." Wallahi na daɗe ina jiran kalmar nan.

"Yanzu na gane," in ji Sanyi. "Ranakun da kike ɗaukar filo ki koma falo. Ranakun da in na shigo kicin ki fita. Na zaci wani ne ya shiga tsakaninmu. Har wayarki na taɓa dubawa, Allah ya yafe mini."

Na kasa kallonsa. In na wuni da shi yana dariya, yana satar nama a tukunya, washegari hoton gawar ba ya zuwa mini. Sai in tsaya gaban kyamara idona ƙamas, mutum talatin na jirana. Shi ya sa duk jajibirin fitowar kuka nake kauce masa. Kuma a shirin nan kusan kullum jajibirin kuka ne.

"Don ina sonka ne yake aiki," na ce. "Da wani na sa a wurin, ko ɗigo ba zai zubo ba!"

"To ni me ya rage mini? Kin kai musu kukan, kin kai musu kewar. In kin dawo gida sai ki dube ni kamar wanda ya ƙi mutuwa."

"Haba Sanyina!"

"Shekara biyu, Barkono. Ƙura ta rufe makirufo. Ni ke karanta miki layin miji a kan tabarmar nan har ki haddace naki, ban taɓa ƙorafi ba. Ashe gawar ma ni ne."

"Me kake so in yi?"

"Kar ki sa hannu a zango na gaba."

"Mama fa? Kai ka san halin da take ciki. In koma tsalle a dandali, ta koma rufe taga? Ciwon ne zai fara kashe ta ko baƙin cikina?"

Yana son Mama, shi ke kai ta asibiti ranakun da nake wurin aiki. Ya san ba ƙarya na yi ba, ni ma na san bai nemi abin da ya wuce hakkinsa ba.

Can ya jawo jakar ya ɗora a cinyarsa, ya fara buga ta da yatsu. Kiɗanmu na da, mai sauƙi, wanda ko a barci na san inda zan shiga.

"To ki ce in zauna," ya ce. "Baiti huɗu kawai. Naki, daga bakinki. In na ji ki a ciki, wallahi zan mayar da kayan nan cikin durowa, mu san yadda za mu yi."

Na buɗe baki. Kiɗan ya zagayo, wurin shigata ya wuce. Ya sake zagayowa. Na laluba cikin kaina inda maganganu ke tafasa a da, na tarar da wayam. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Hawaye suka ɓalle mini, na gaske, masu zafi. Na durƙusa na kama gwiwarsa.

"Kar ka tafi ka bar ni... In ka fita ƙofar nan, wa zan kira in duniya ta yi mini zafi? Kai ne inuwata, kai ne..."

"...kai ne sauran numfashina," ya ƙarasa mini.

Yatsunsa sun tsaya.

"Shafi na arba'in a takardar shirinki," ya ce. "Sau shida muka maimaita shi a nan."

"Wallahi da gaske nake! Na rantse da Allah daga zuciyata ne!"

"Wataƙila. Amma dubi yadda kika zauna."

Na duba. Ashe na juya kafaɗata, na ɗaga haɓa, na ba hasken taga gefen fuskata na hagu, wanda darakta ya ce ya fi kyau a hoto. Ban san lokacin da na yi ba.

"Ban ce ƙarya kike ba, masoyiyata," ya ce. "Na kasa bambancewa ne. Kuma ina jin ke ma kin kasa."

Ya cire hannuna daga gwiwarsa a hankali, kamar mai tsoron kar ya fasa wani abu. Ya ce zai zauna wurin yayansa. Ya ce ranar Alhamis zai zo ya kai Mama asibiti kamar kullum, kar in gaya mata komai tukuna. Ya rataya jakar ya fita, ya ja mini ƙofa.

Ina nan durƙushe har motar ɗaukar 'yan wasa ta yi hon a waje. Sau uku ta yi. Na tashi na ɗauki takarduna, don ban san wani abin da zan yi ba.

A wurin aiki, mai kwalliya na ganina ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Anti, wa ya mutu? Zauna in sa miki ƙanƙara a idon nan."

Darakta na wucewa ya tsaya cak. Ya kama haɓata ya juya ni wajen haske.

"Kar ki taɓa fuskar nan," ya ce mata. "Ku kunna fitilu! Yanzu-yanzu za mu ɗauka!"

Fitowar da miji ke barin gida ce. Ban rufe ido ba, ban nemo hoton kowa ba. Sau ɗaya aka ɗauka. Da aka tsayar da kyamara ba wanda ya yi motsi, mai riƙe da sandar makirufo yana share ido da kafaɗa. Ni kuwa kukan ya ƙi tsayawa, suka ɗauka ban fita daga wasan ba ne, suka fara tafi.

Darakta ya tsuguna kusa da ni, fuskarsa fal murna.

"Barkono, shekara biyu nake jiran wannan. Ban san me kika yi yau da safe ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma ko mene ne, gobe ma ki yi shi."

Na ce, "To."