Hannun Wani A Cikin Jitarsa

Mawaƙiyar ƙungiyar su Mai Jita ta shigo shagon ko sallama babu, ta ɗora jitar a kan tebur, daidai kan ƙananan notunan da Injiniya ta ɓata rabin awa tana jerawa.

"Ta saurayinki ce," ta ce. "Tana ɗan ƙugi in an jona ta. Na ce bari in kawo miki, tunda shi ya daina kawowa..."

Injiniya ta san jitar kamar tafin hannunta. Ita ta sake mata wayoyi kaf bara, kuma ta dalilinta suka saba da Mai Jita, wanda ya yi wata shida yana kawo ta duk mako da ciwon da babu shi. Yau mako uku ke nan bai kawo ba. Yana zuwa hira, amma hannu rabbana.

Ta jona ta da lasifika, ta murɗa maɓallin ƙara zuwa dama. Sautin ya mutu. Ta murɗa hagu, shagon ya cika da ƙara.

An juya shi.

A sana'arsu, dalili ɗaya ta sani da ke sa a juya maɓalli da gangan: don bahago. Mawaƙiyar kuwa ta ɗauki jaka da hannun hagu, ta gyara gilashinta da hannun hagu, ta ce ita dai yanzu ya fi yi mata daɗin murɗawa in ta ara a wajen atisaye. Ta yi murmushi ta fita, turarenta ya zauna.

Da rana Gwaggo ta kawo abinci daga cikin gida, ta ga fuskar 'yar wanta, ba ta tafi ba sai da ta ji komai. Ta ce ai dama ta faɗa, makaɗi ba ya zama da mace ɗaya, kowa ya san haka. Gwaggo ba ta taɓa sanin makaɗi ko ɗaya ba. Mijin da ya gudu ya bar ta tela ne, ko tafi bai iya ba. Amma magana in ta zo daidai da tsoron da ke cikin mutum, ba ya tambayar inda ta fito. Ta ƙara da cewa gara da abin ya fito yanzu, tun Baba bai ba da amsa kan maganar aurensu ba. Baba dai tun farko bai so ba. Ya ce a ba shi zuwa ƙarshen wata ya yi tunani, kuma saura kwana huɗu.

Bayan la'asar Mai Jita ya shigo yana haki, an gaya masa inda jitarsa take. Ya miƙa hannu zai ɗauka, ta dafe ta.

"Wa ya buɗe ta?"

Ya kalli bango, ya kalli fanka, ya ce ai ba wani abu ba ne, ƙaramin aiki ne.

"Ban tambaye ka girman aikin ba. Wa ya sa hannu a cikin wayoyina?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Mace ce?"

"Haba Injiniyata..."

"Kada ka kira ni haka."

Sannan ta gaya masa, murya a kwance, cewa ya je, gobe ya aiko a karɓi jitarsa, kuma ita da kanta za ta ce wa Baba ya huta da tunanin, babu sauran amsar da ake jira. Ya roƙe ta abu ɗaya: kada ta taɓa wayoyin. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Har aikin wata yake karewa a gabanta.

Yana fita ta ɗauki sukundireba.

Ta cire murfin baya, ta haska fitila. Abin maɓallin ƙafafu uku ne da shi, kuma an musanya wayoyin gefe da gefe. Dalmar kuwa abin kunya: dunƙule-dunƙule, nan ta yi yawa, can ta ɗiga a kan katako ta bar ƙuna. Aikin wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, ta ce a ranta, tana hango farcen mawaƙiyar. Ta sa ƙarfenta a wuta, ta fara ware baƙin tef ɗin da aka naɗe wayar da shi.

A ƙarƙashin tef ɗin akwai ƙulli.

Ƙaramin ƙulli, an zagaya sau biyu an soke ta ƙasa, yatsa ɗaya kafin wurin liƙi, don ko an fizgi waya kada dalma ta saki. Masu gyara na yanzu ba sa yi. Ita ma ta daina, saboda yana cin lokaci. Tana shekara tara aka koya mata shi a cikin tsohuwar rediyo, a kan wannan teburin, kuma Baba, wanda ya koya matan, ya ajiye ƙarfensa shekara biyu da suka wuce, ranar da hannunsa ya yi rawa ya ƙona allon talabijin ɗin wani.

Ta sake kallon dalmar. Ashe ba hannun da bai iya ba ne. Hannun da ya daina yi wa mai shi biyayya ne.

Ta kashe ƙarfen ta shiga gida da jitar a rungume. Baba yana kan kujerarsa a baranda. Ya ga murfin a buɗe, ya cire tabarau ya hau gogewa.

Bai wahalar da ita ba. Ya ce yaron ne ya zo ranar da ta tafi sayen kaya, ya nace shi aikin tsofaffin hannu yake so. Baba ya ƙi, yaron ya zauna. A ƙarshe ya yi, bisa sharaɗin kada 'yarsa ta ji, don ba ya so ta ga abin da hannunsa ya zama. Sai da yaron ya tafi ya tuna ya juya ƙafafun.

"Na zauna ina jira ya dawo ya yi ƙorafi," in ji Baba. "Ko ya kawo miki a ɓoye ki gyara, ku yi dariyata. Sau biyar yana zuwa gaishe ni. Duk zuwa sai na tambaye shi ya jitar, sai ya ce, Baba, ba ta taɓa daɗi haka ba."

Ya mayar da tabaran.

"Maƙaryaci ne. Ki ce ya turo manyansa."

Ta sami Mai Jita a ɗakin atisaye shi kaɗai, zaune a kan lasifika, hannuwansa ba su san inda za su zauna ba. Ta ajiye jitar a cinyarsa. Ta shirya maganganu da yawa a hanya, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Na ga ƙullin. Ka yi haƙuri."

Ya tambaya ko Baba ya ji haushi, ta gaya masa saƙon, har da kalmar farko. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa, ba ta san dariya yake ko kuka ba. Ta tambayi yadda mawaƙiyar ta sani. Ya ce duk ƙungiyar sun san an juya maɓallin, ita dai ta ga ƙofa a buɗe ne ta shiga.

"Duk sun sani? Ta yaya?"

"Masoyiyata, sau uku ina tsakiyar wasa, jama'a sun miƙe, na murɗa in ƙara sauti, na kashe kaina ɗif. Mai ganga har yanzu bai daina tsokanata ba."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce ya kawo, minti goma ya ishe ta mayar da wayoyin.

Ya rungume jitar a ƙirjinsa.

"Ba yanzu ba," ya ce. "Sai an ɗaura. Kada tsohon ya sake shawara."