Tulin Duwatsu a Mashigin Corrigan

Da ƙarfe tara na safiyar Alhamis aka kira Sufeto Colleen Marchand. Wasu mata biyu masu yawon duwatsu sun ga jakar goyo a bakin wani rami cikin dusar ƙanƙara, ƙasa da Mashigin Corrigan. Da suka leƙa ciki, sai suka ga gawar mai jakar.

Jirgin helikofta ya sauke ta tare da Saje Dhaliwal a kan mashigin. Ƙarshen Agusta ne, ƙanƙara duk ta narke sai wannan yanki guda da rana ba ta cika samunsa ba. Ba ta ma da sauran fari. Ta yi dauɗa, ga jan tsiron nan da ke fitowa a kan tsohuwar ƙanƙara ya bazu ko'ina, wanda duk ya taka sai ya rine masa takalmi da safa.

Daga sama ka ce lafiya lau take, amma rafi ya cinye ƙarƙashinta, ɓawo kawai ya rage. Nan Petra Lindgren ta burma jiya da yamma. Shekararta talatin da huɗu.

"Hatsari ne, Sufeto," in ji Dhaliwal. "Amma manya na neman wanda za su ɗora wa laifi, kuma sun samu."

Ya nuna mata hoton allon da ke bakin hanya: "Mashigi lafiya, ku bi tulin duwatsu. Na duba ranar Talata. W. Oakes."

"To ga tulin duwatsun nan, har bakin rami suka rako ta. An ce in ba mu kawo wani bayani ba zuwa gobe, za a tuhume shi da sakacin da ya jawo asarar rai."

Marchand ta san mai sunan. Wendell Oakes, dattijon da ke gadin wannan daji, shi ya koya mata tafiya a kan ƙanƙara tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Ba ta son aikin nan, ko kaɗan.

Ta durƙusa gaban tulin farko, ta ɗaga dutsen sama. Gansakukar jikinsa ƙasa take kallo. Na biyu ma haka, na uku ma haka.

"Dhaliwal, ka taɓa ganin gansakuka ta fito a cikin duhu?"

"Ni ko a cikin haske ban taɓa tsayawa kallonta ba."

Ta gangara hagu, inda busasshen dutse ya kewaye ƙanƙarar. Can ta iske gurabe huɗu da tuli ya taɓa zama a kansu, ƙasar wurin da sauran danshi. A irin wannan rana da iska, kwana biyu sun isa su busar da ita ƙayau.

"Kwashe su aka yi," ta ce. "Kuma bai wuce jiya ba."

Sun iske Wendell a ɗakinsa na katako da ke bakin hanya. Ya cire bajonsa na aiki ya ajiye kan tebur, shayinsa ya huce bai taɓa ba.

"Ka hau mashigin ranar Talata?" Marchand ta tambaye shi.

"Ba ga shi a allo ba?"

Ta dubi gwiwarsa da ta kumbura har ta cika ƙafar wando.

"Wendell, ƙarya ba ta yi maka kyau. Da wannan ƙafar?"



"Daga ƙasa na hanga da madubin hangen nesa. Na ga tulin duwatsun a hagu, inda na jera su da hannuna. Amma na rubuta na duba, alhali ban hau ba. Shekara talatin da ɗaya, Colleen, ban taɓa haka ba. Ni na kashe yarinyar nan. Sa min ankwar mu tafi."

"Ankwata ba ta kai girman hannunka ba. Miƙo min littafin rajista."

Sunaye huɗu ne a wannan makon: matan nan biyu, Petra, sai wani Rory Galbraith da ya shiga ranar Litinin ya rubuta cewa zai yi zango a bakin tafki.

"Wane ne shi?"

"Abokinta. Shi ya kafa tarihin sauri a doguwar hanyar ƙafar da ta ratsa mashigin nan, ya gama ta cikin kwana huɗu da awa shida. Shekara tara ba wanda ya kamo shi. Petra ta fito karya tarihin ne, kuma na ji an ce tana gaba da awa uku."

Tafkin yana gindin mashigin. Sun tarar da Rory zaune a ƙofar tantinsa yana dama fate a ƙaramin risho, idanunsa jajur.

"Tarbarta na zo yi," ya ce. "Har kofi na tanadar mata. Ni na koya mata hanyar nan, Sufeto, ƙanwa na ɗauke ta."

"Ka hau mashigin?"

"Me zai kai ni? Rabona da taka ƙanƙara tun watan Yuni."

"Tun Yuni."

"Na rantse."

Marchand ta taka zuwa igiyar da ya ɗaure tsakanin itatuwa biyu. Safa ce a shanye, an wanke ta an kuma wankewa, amma jan bai fita ba. Ta ciro ɗaya, ta ɗage ƙafar wandonta, ta kara da tata.

"Tawa ta ɗazu ce. Taka fa? A Yuni jan nan bai fito ba a nan, kuma duk kwarin nan wuri ɗaya ƙanƙara ta rage."

"Ɗan leƙawa kawai na yi..."

"Ka leƙa, duwatsu suka tashi da kansu suka kife?"

Cokalin ya faɗi daga hannunsa. Faten ya fara ƙauri, ba wanda ya sauke shi.

"Awa uku kawai na so ta ɓata," ya ce. "In ta bi ƙanƙarar za ta ɓulla bakin gangaren da ba ya saukuwa, dole ta juyo. Sai da na gwada, wallahi! Na bi ta kai sau biyu, har tsalle na yi a tsakiya. Kamar siminti take."

"Da ƙarfe nawa?"

"Shida na safe."

"Ita da uku na rana ta iso."

Ya rufe fuska da hannuwa. Shekara tara yana tsere da agogo, kullum da sanyin safiya yake ƙetare mashigi, har ya manta da abin da rana ke yi wa ƙanƙara bayan ya wuce.

"Na ji ihunta daga nan," ya ce. "Sau ɗaya. Na ce a raina tsuntsu ne."

Dhaliwal ya sa masa ankwa.

Da suka iso bakin hanya, Wendell na tsaye jikin allon, ya goge rubutunsa. Rory ya sunkuyar da kai, aka wuce da shi mota.

"Da safiyar Laraba ya kwashe su," Marchand ta ce. "Ko da ka hau Talata, daidai za ka same su. Ba wanda zai tuhume ka, Wendell. Ba kai ba ne."

Ta ɗauka zai ji sanyi a ransa. Bai ji ba.

"Kun mayar da duwatsun gurabensu?" ya tambaya.

"Shaida ce, sai an gama ɗaukar hoto gobe."

"Jibi Asabar. Mutum ashirin za su hau."

Ya shiga ɗaki ya fito da sandarsa da jakarsa. Bajon yana nan kan tebur inda ya bar shi.

"Da wannan gwiwar kwana za ka yi a hanya," ta ce.

"Shi ya sa zan tafi yanzu."

Dhaliwal ya danna mata hon daga cikin mota. Ta ɗaga masa hannu ya wuce da mai laifin, ta karɓe jakar daga kafaɗar tsohon, ta bi bayansa a hankali.